Mansart, Sarkin Maginan Faransa

In ana ba ku labarin wani babban gini a makaranta, yawanci sai a ce muku sarki wane ne ya gina shi. Haka a ke faɗi, haka kuma a ke rubutawa. Amma kowa ya san sarki ba ya kwaɓa ƙasa, ba ya ɗaukar dutse, ba ya hawan tsani. Nasa ya ce a yi, ya buɗe baitulmali. Tsakanin bakin sarki da hannun lebura akwai wani mutum a tsaye, wanda ya kan ji abin da sarki ke so, ya mai da shi zane a takarda, ya auna, ya ƙididdige dutse da katako da kwanaki. Labarin irin wannan mutum za mu ba ku yau. Sunansa Jules Hardouin-Mansart, Bafaranshe ne, ya yi wa Sarki Luwi na 14 aiki shekara 33, har ya zama abin da mu a nan za mu kira Sarkin Magina. Tun yana da rai a ke gardama a kansa. Waɗansu suka ce gwani ne, waɗansu suka ce bafade ne kurum mai zaƙin baki, wanda ya yi suna da hannun yaransa. Za mu kawo muku abin da kowa ya riƙa, sa'an nan mu faɗi namu.

An haife shi a birnin Paris ran 16 ga watan Afril, 1646. Ubansa, Raphaël Hardouin, mai zanen hotuna ne da fenti. Gini kuwa ta wajen uwa ya gada, gama François Mansart, babban maginin zamanin nan, kawun uwarsa ne, watau kakansa ke nan bisa lissafinmu.

Wannan tsoho sai mun tsaya a kansa kaɗan, don in ba ku san halinsa ba, ba za ku gane halin jikan ba. A zamaninsa da wuya a sami maginin da ya fi shi ido a Faransa duka. Har yau akwai wani irin rufin ɗaki da a ke kira da sunansa a Turai, rufi mai karyi biyu, na ƙasa a miƙe ƙwarai, na sama a kwance, yadda za a sami ɗakunan kwana a cikin rufin kansa. An yi irinsa kafin shi, amma shi ya yawaita yinsa har sunan ya bi shi. Sai dai yana da wani hali da ya hana shi cin moriyar gwanintarsa: ba ya ƙoshi da aikinsa. Sai ya ta da bango ya kai rabi, wata dabara ta faɗo masa, ya ce a rushe a sake, kuɗin kuwa na mai gida ne. Uwar sarki ta ba shi ginin babbar majami'ar Val-de-Grâce a 1645. Da shekara ta kewayo aka ga kuɗi na ta zurarewa, sai aka karɓe aikin aka ba wani. Cikin 1646 ke nan, shekarar da aka haifi yaron namu. Daga baya Colbert, wazirin da ke riƙe da dukiyar ƙasa, ya nemi tsohon ya kawo fasalin sabuwar fuskar fadar Louvre. Ya kawo zane iri iri. Aka ce ya zaɓi ɗaya, ya yi alkawari ba zai sake ba in an fara. Ya ƙi, aiki ya wuce shi.

A gaban wannan mutum Jules ya tashi, ya koyi zane da awo da yadda a ke yanka dutse. Ya kuma yi aiki ƙarƙashin wani magini, Libéral Bruant. Tsohon ya rasu a 1666, yaro na da shekara 20, ya gaji takardun zanensa. Bayan shekara biyu ya ɗauki sunan Mansart ya liƙa a bayan na ubansa. Wayo ne, gama sunan ya riga ya yi kasuwa. Da kwangilar gini ya fara, shi da ɗan'uwansa Michel, a nan kuwa ya san kuɗin dutse da na farar ƙasa, ya san yadda a ke tafiyar da birkila da kafinta, ya kuma san irin fushin mai gida in ranar da aka yanka ta wuce. Ya gaji idon kakansa, ya kuma lura da abin da ya ka da shi.

To, mu bar yaro a nan mu dubi sarkin da zai yi wa aiki. Luwi na 14 ya hau gado a 1643, bai cika shekara 5 ba. Yana ƙarami manyan ƙasa da mutanen Paris suka yi tawaye, daga 1648 zuwa 1653, har cikin Janairu na 1649 sai da aka fita da shi daga birnin da dare a ɓoye. Bai manta da wannan ba. Da ya kama mulki da hannunsa a 1661, ya ƙudura ba wani babba da zai sake zama can cikin ƙasarsa yana ƙulle-ƙulle. A wannan shekara ma'ajinsa, Fouquet, ya gayyace shi biki a sabon gidan da ya gina a Vaux-le-Vicomte, gidan da ya fi na sarki kyau. Dā ma an shirya kama shi, bikin sai ya ƙara wa wuta mai. Kafin mako uku su cika an damƙe shi, a kurkuku kuwa ya mutu. Sarki ya kwashe gwanayen da suka yi masa aikin: Le Vau magini, da Le Brun mai zanen hotuna, da Le Nôtre mai tsara lambu. Ya kai su wani ƙauye mai suna Versailles, wanda Faransawa ke faɗi kamar Barsai, wajen mil 12 daga Paris. Ubansa ya gina ɗan gidan farauta a wurin a 1623. Ƙasar fadama ce, ba babban kogi kusa, ba abin da zai sa mai hankali ya zaɓe ta don fada. Le Vau ya kewaye tsohon gidan da sabon gini ta gefe uku, ya rasu a 1670.

Ta hannun mace ƙofar fada ta buɗe wa Mansart. Akwai wata da sarki ke ƙauna a lokacin, Madame de Montespan, wadda ta haifa masa 'ya'ya ko da ya ke ba aure tsakaninsu. Aka gina mata gida a Clagny, dab da Barsai, ta raina shi, ta ce ya yi mata ƙanƙanta. Aka ba saurayin nan aikin sakewa. Ya yi shi babba, ya yi shi da kyau, abin da kuma ya fi shiga ran sarki, ya yi shi da sauri. A 1675 aka sa shi cikin maginan sarki, aka kuma shigar da shi majalisar gwanayen gini da Colbert ya kafa a 1671, yana da shekara 29. A 1678 yaƙin da Faransa ke yi da Holan ya ƙare, sarki ya fito da rinjaye, zuciyarsa ta koma kan gini. Sai ya danƙa wa Mansart Barsai.

Le Vau ya bar wani fili buɗaɗɗe a kan bene ta fuskar lambu, tsakanin sashen sarki da na sarauniya. In da a Italiya ne, inda rana ta wadata, da wurin shan iska ne mai daɗi. A Barsai kuwa ruwan sama da sanyi suka hana shi amfani rabin shekara. Mansart ya rufe shi ya mai da shi zaure guda, tsawonsa ƙafa 240, faɗinsa 34, tsayinsa 40. A bangon da ke duban lambu ya buɗe manyan tagogi 17. A bangon da ke fuskantarsu ya yi bakan gizo 17, kowane ɗaya daidai da tagarsa, ya cika kowanne da madubi 21. Ku yi lissafi, za ku sami 357. Kada ku raina wannan don kun ga yau madubi ya yi araha a kowace kasuwa. A wancan zamani madubi mai kyau dukiya ne, mutanen birnin Venice ta Italiya su ke riƙe da asirin yinsa, hukumarsu kuma ta hana masu sana'ar fita ƙasar. Colbert ya kafa ma'aikatar madubi a 1665, ya sa aka lallaɓo waɗansu daga cikinsu da kuɗi suka zo Paris. Saboda haka zauren nan shela ce ga duniya, cewa abin da Venice ke taƙama da shi Faransa ta iya.

Da rana hasken tagogi ya kan bugi madubai ya komo, lambun da ke waje ya bayyana a bangon ciki, mutum ya ga kamar ɗakin ba shi da iyaka. Da dare in an kunna kyandirori, kowane ɗaya ya zama biyu. A rufin Le Brun ya zana hotuna 30 na yaƙe-yaƙen sarki da ayyukansa. An gama a 1684. Ba a daɗe ba aka ga amfanin tsawon nan. A 1685 shugaban birnin Genoa ya zo ba da haƙuri, bayan jiragen ruwan Faransa sun yi wa garinsa ruwan wuta. Aka kafa gadon sarki a ƙarshen zauren, baƙo ya shigo ta ɗaya ƙarshen, ya taka ƙafa 240 ɗin nan tsakanin fadawa jere dama da hagu. Kafin ya isa gaban sarki ya riga ya san matsayinsa. Haka aka yi wa jakadun Sarkin Siyam a 1686.

Ran 6 ga watan Mayu, 1682, sarki ya tare a Barsai, da iyalinsa da fadawansa da ofisoshin mulki, ginin ma bai ƙare ba. Shekara guda kafin wannan an naɗa Mansart babban maginin sarki. Yanzu dubban mutane na bukatar wurin kwana, duk wanda ke son sarauta ko kyauta kuwa tilas ya zauna inda idon sarki zai gan shi. Mansart ya miƙa dogon sashe ta kudu, ya miƙa wani ta arewa daga 1685 zuwa 1689. Ya gina bargar dawaki biyu a gaban fada, waɗanda baƙo kan ɗauka gidajen sarakuna ne. Ya gina Marly, inda sarki kan je hutawa, gidan sarki a tsakiya, ƙananan gidaje 12 na baƙi, shida dama shida hagu. Amma cikin dukan ayyukansa na Barsai mu ɗakin lemo ya fi burge mu. Itacen lemo ba ya jure ɗarin ƙasar, don haka a cikin akwatuna a ke shuka shi, a fitar da shi da bazara, a shigar da shi in sanyi ya zo. Mansart ya yi masa ɗaki a cikin gangaren tudu daga 1684 zuwa 1686, tsawonsa wajen ƙafa 500, kaurin bangonsa ya wuce ƙafa 12, yana fuskantar kudu don ya sha rana. Ba zinariya, ba hoto, ba madubi, dutse ne kawai bisa dutse. A irin wannan gini magini ba shi da inda zai ɓoye kuskure.

Wa ya ɗauki duwatsun nan duka? Wani bafade mai suna Dangeau, wanda ya kan rubuta abin da ya faru a fada kowace rana, ya rubuta cikin Mayu na 1685 cewa masu aiki a Barsai da kewaye sun fi mutum 36,000. Wata mace mai suna Madame de Sévigné, wadda wasiƙunta suka shahara, ta ba da labari cikin Oktoba na 1678 cewa ma'aikata na mutuwa ƙwarai, da dare a ke kwashe gawawwaki a cikin amalanke don kada sauran su firgita. Zazzaɓin fadama ya ci waɗansu, waɗansu suka faɗo daga sama, waɗansu dutse ya danne su. Mai shiga zauren madubai yau ya kan ji sunan sarki, in ya yi tambaya ya ji na Mansart da na Le Brun. Na mutum 36,000 ɗin nan kuwa ba a rubuta su a bango ba. Saurin da sarki ke yabon magininsa da shi, a kan wuyan waɗannan ya sauka.

Yanzu mu zo kan gardama. Mutum ɗaya ba ya iya zana wannan aiki duka, Mansart kuwa bai gwada ba. Ya shirya ofis sosai, ya tara masu zane da masu awo da akawuna da masu duba aiki. Shi ya kan ji bukatar sarki, ya fitar da fasali, ya raba wa yara, su zana dalla-dalla, ya duba ya gyara, ya kai gaban sarki. Cikin yaran akwai Robert de Cotte, wanda ya auri 'yar'uwar matarsa, da Lassurance, da Pierre Lepautre, da Germain Boffrand, da Jacques Gabriel, waɗanda daga baya kowannensu ya yi suna.

A nan maƙiyansa suka sami abin kamawa. Babbansu shi ne Saint-Simon, wani ɗan sarautar gado da ya zauna a fadar ya rubuta labarinta, alƙalaminsa kuwa ya fi wuƙa kaifi. A faɗarsa Mansart bai iya kome ba, Lassurance ne ke yin zanen, shi kuwa ya ɓoye shi kada a sani. Ya ce wayon mutumin shi ne ya kawo wa sarki zane da ɗan kuskure a fili da gangan. Sarki ya duba ya gano kuskuren, Mansart ya riƙe baki don mamaki, ya yi ta yabon basirar sarki, sarki ya ji daɗi ya sa hannu a kan aikin da zai cinye dukiya mai yawa. Ya kuma ba da labarin wani kadarko da Mansart ya gina a Moulins bisa kogin Allier, yana ta alfahari da ƙarfinsa. Ran nan wani babban mutumin yankin ya zo gaisuwa, Mansart ya matsa a tambaye shi labarin kadarkon a gaban sarki, yana jiran yabo. Amsar da aka samu ita ce ruwa ya riga ya kwashe shi ya nufi teku da shi. Ko Le Nôtre mai lambu, da aka nuna masa wani da'irar ginshiƙai 32 da Mansart ya kafa a tsakiyar itatuwansa, an ce ya nuna wa sarki cewa aikin birkila ne aka kawo cikin lambu.

Ba za mu ce duk ƙarya ce ba. Kadarkon Moulins bai tsaya ba, wannan tabbas ne. Makarantar Saint-Cyr ma shaida ce. Madame de Maintenon, wadda sarki ya aura bayan rasuwar sarauniya, ta so a gina wa 'yan mata 250 makaranta, 'ya'yan masu asali da talauci ya kama. Mansart ya gama ta cikin shekara guda da 'yan watanni, aka buɗe a 1686, amma a ƙasa mai damshi ya kafa ta, danshin kuwa ya dami yaran shekara da shekaru. Ku da ke kwana a makaranta kun san abin da ɗaki mai sanyi ke yi wa ƙirji. Kakansa ba zai bar irin wannan ya fita daga hannunsa ba, ko da zai yi shekara goma yana rushewa.

Amma a san wanda ke magana. Saint-Simon ba abin da ya ƙi jini kamar ya ga talaka ya hau, Mansart kuwa ɗan masu sana'a ne da sarki ya shigar da shi jerin masu sarauta, yana shiga wurin sarki a lokacin da 'ya'yan gado ke tsaye a ƙofa. Mun san a kan ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, nufin Saint-Simon ke nan, watau magini ne ya zuga sarki ya ɓarnatar da dukiya. Lissafi bai goyi bayansa ba. Sa'ad da Luwi ya fara taɓa Barsai a 1661, Mansart yaro ne ɗan shekara 15. Sarkin kuwa ba mai jiran zuga ba ne. Da a ke gina ƙaramar fadar Trianon a 1687, da kansa ya riƙa zuwa wurin aikin, yana sa a rushe nan a sake can, shi ya kuma ce a huda tsakiyar ginin a bar ginshiƙai kawai don a riƙa hango lambu. Batun yara kuma, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya iya zaɓen gwanaye, ya sa hannuwa da yawa su fitar da aiki kamar na mutum ɗaya, ya kuma tsaya tsakaninsu da sarki mai sake ra'ayi, wannan ma gwaninta ce, ita ce kuwa tsohon François ya rasa.

In kuma ana son a ga hannunsa shi kansa, sai a tafi Paris. A 1670 sarki ya ba da umurni a gina wa tsofaffin soja da waɗanda yaƙi ya naƙasa gida, a ke kiransa Invalides. Bruant, maigidan Mansart na dā, shi ya gina gidan, amma da aka zo kan majami'a ya kasa kawo fasalin da ya gamshi Louvois, wazirin yaƙi. A 1676 aka ba Mansart, yana da shekara 30, tun ofishin nan nasa bai cika da gwanaye ba. Matsalar ita ce ana so sarki da soja su yi ibada lokaci guda, amma kada su shiga ta ƙofa guda. Sai ya yi majami'a biyu baya da baya, bagade ɗaya a tsakani. Ta soja doguwa ce ba ado mai yawa. Ta sarki kuwa ya ɗora mata kubba wadda tulluwarta ta kai ƙafa 350 daga ƙasa.

Dabarar kubban nan ta isa a bayyana. Mai tsayuwa a waje yana ganin kubba ɗaya, an rufe ta da darma, an shafa mata zinariya. A ciki kuwa hawa hawa ce. Ta ƙasa ta dutse ce, an bar babban rami a tsakiyarta. Ta cikin ramin sai ka hango wata a bisa, wadda Charles de La Fosse ya yi wa zane. Tsakanin su biyun akwai tagogi da aka ɓoye, mai tsayuwa a ƙasa ba ya ganinsu, sai dai ya ga hoton can sama yana haske, bai san ta inda hasken ke shigowa ba. A bisansu duka aka ɗaura ta katako, wadda ita ce ke ba ginin siffarsa daga nesa. Masana sun nuna ya ɗebo wani abu daga zanen da kakansa ya yi a 1665 na wata majami'ar da za a binne sarakuna a Saint-Denis, wadda ba a taɓa ginawa ba. Mun yarda. Amma zanen nan da ya kwana a akwati har ya ruɓe in ba don jikan ba. Shekara 30 aka yi ana aikin, sai cikin Agusta na 1706 Mansart ya miƙa wa sarki mabuɗi.

Abin da ya jawo jinkirin kuwa yaƙi ne. Daga 1688 zuwa 1697 Faransa ta yi ta fama da rabin Turai, baitulmali ya bushe. A 1689 sarki ya sa aka kwashe tebura da kujeru da fitilu na azurfa tsantsa da ke cikin zauren madubai aka narke, aka buga kuɗi don biyan soja. A 1693 da 1694 yunwa da cuta suka kashe fiye da mutum miliyan ɗaya a ƙasar. Gini ya tsaya cik a wurare da yawa. Mansart dai bai faɗi ba. Colbert ya mutu a 1683, Louvois ya bi shi a 1691, Le Brun ya rasa fada kafin mutuwarsa, shi kuwa kullum gaba ya ke yi. A 1699 sarki ya ba shi shugabancin dukan ayyukan gini na ƙasa, muƙamin da Colbert da Louvois suka riƙe, watau wanda dā ya ke kai zane a duba, yanzu shi ke dubawa, shi ke kuma riƙe da jakar kuɗin. Ya sayi ƙasar Sagonne, ya zama mai sarautar wurin. A wannan shekara ta 1699 ya sake fasalin dandalin da a yau a ke kira Vendôme a Paris. Da ya ke kuɗi sun yi wuya, sai aka gina fuskokin gidaje kawai kewaye da dandalin, duk iri ɗaya, bayansu fili, aka riƙa sayar wa attajirai, kowa ya gina abin da ya ga dama a bayan bangon da ya saya.

Aikinsa na ƙarshe a Barsai shi ne ɗakin ibadar sarki. Bai ga ƙarewarsa ba. Ran 11 ga watan Mayu, 1708, ciwo ya kama shi farat ɗaya a Marly, ya mutu yana da shekara 62. De Cotte ya gaje shi a matsayin babban maginin sarki, ya ƙarasa ɗakin ibadar a 1710. Ofishin da ya shirya ya ci gaba da aiki bayansa shekaru masu yawa, ɗan Jacques Gabriel ma ya zama babban maginin Luwi na 15. Sarakunan Jamus da na sauran Turai suka riƙa aikowa Paris neman zane, kowa na son tasa Barsai.

Gine-ginen ba duka suka tsira ba. An rushe Clagny a 1769. Cikin Oktoba na 1789 talakawan Paris suka zo Barsai suka tafi da Luwi na 16, daga ran nan ba sarkin da ya sake zama a fadar. Gunkin Luwi na 14 da aka kafa a tsakiyar dandalin Vendôme an ka da shi a 1792. Marly aka sayar, wanda ya saya ya rushe ya sayar da duwatsun. Kubban Invalides tana nan, a ƙarƙashinta kuwa Napoleon ne ke kwance, wanda aka kawo gawarsa a 1840. Barsai aka mai da ita gidan tarihi a 1837.

Zauren madubai kuwa bai huta ba. Ran 18 ga Janairu, 1871, Jamusawa da suka ci Faransa da yaƙi suka tsaya a cikinsa suka naɗa sarkinsu Sarkin Jamus duka. Faransawa suka haɗiye, suka jira shekara 48. Da aka ci Jamus a Babban Yaƙi na farko, suka ce a nan za a sa hannu a takardar sulhu, aka kuwa sa ran 28 ga watan Yuni, 1919. Cikin sharuɗɗan takardar akwai cewa Jamus ta saki dukan ƙasashen da ta mallaka a ƙetare, har da Togo da Kamaru. Ingila da Faransa suka raba Kamaru, babban kashi ya tafi hannun Faransa, siririn yanki na yamma ya zo hannun Ingila. Arewacin yankin nan, inda Dikwa da Mubi su ke, shi ne ya jefa ƙuri'a ya haɗu da Nijeriya a 1961.